Digirin nazarin muhalli: Me ake koya, ina ake yin sa, kuma me ya haɗa shi da Tambuwal da Kebbe?

Nazarin muhalli fanni ne na karatun jami'a da ake ba da digirin farko a kansa, galibi bayan shekara huɗu. Ya tattaro ilimomin da aka saba koyarwa a rarrabe: kimiyyar halittu da ta sinadarai, labarin ƙasa, tattalin arziki, shari'a, kiwon lafiyar jama'a da ilimin zamantakewa. Dalilin tattaro su shi ne matsalolin ƙasa da ruwa da iska ba sa zuwa sashe-sashe yadda jami'a ta raba ofisoshinta. Rijiyar burtsatse da ta ƙafe a ƙauye tana da bayani a wajen masanin duwatsu, tana da wani bayanin a wajen wanda ya san yadda aka ba da kwangilar haƙa ta, kuma sau da yawa duka biyun gaskiya ne.

A kudancin Jihar Sakkwato, inda mafi yawan gidaje ke ci daga gona da garke da gulbi, wannan karatu ya shafi abincin yau da na gobe. Duk da haka ba ya cikin fannonin da iyaye suka fi ambata wa 'ya'yansu idan lokacin cike takardar JAMB ya zo. Likitanci da lauyanci da aikin jinya su ne a bakin kowa.

Ƙasar da ake magana a kanta

Ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya, wadda Aminu Waziri Tambuwal ya wakilta daga 2003 zuwa 2015 kafin ya zama gwamna. Garin Tambuwal yana kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, kimanin kilomita 100 daga birnin Sakkwato, kuma yana cikin garuruwan ribaɗi na Daular Usmaniyya, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna. Kebbe tana kudu da ita, ta yi iyaka da Zamfara ta gabas, da Jihar Kebbi ta kudu da yamma. Ƙidayar 2006 ta ba Tambuwal mutum sama da 220,000, ta ba Kebbe sama da 120,000, ko da yake Kebbe ta fi faɗin ƙasa. Tun daga wancan lokaci Najeriya ba ta sake ƙidayar jama'a ba, wanda shi kansa cikas ne ga duk mai son ya lissafa itacen girki ko ruwan sha da yankin ke buƙata.

Wannan ɓangare ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, ya kuma fi shi itatuwa. Gulbin Zamfara yana ratsa shi a hanyarsa daga Gummi zuwa Jega, Gulbin Ka kuma yana bi ta wajen Fakku. A tudu ana noma gero da dawa da wake da gyaɗa, a fadama ana noma shinkafa da albasa da sauran kayan lambu. Wannan ni'imar ce ta sa yankin ya zama mahaɗa: makiyayan da rani ya koro daga arewa nan suke dosowa, masu saran itace da masu gawayi ma haka, manoma kuma suna ta faɗaɗa gonaki zuwa cikin abin da ya rage na daji. Sunan Dogon Daji, garin da aka haifi Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki, ya isa shaida kan yadda wurin yake a da.

Asalin fannin

Digirin ba tsoho ba ne. Littafin da Rachel Carson ta wallafa a Amurka a 1962 kan illar magungunan ƙwari ya girgiza jama'a, kuma a 1965 Kwalejin Middlebury ta buɗe tsarin karatun da ake yawan ambatawa a matsayin digirin farko na nazarin muhalli a ƙasar. A Ingila, Jami'ar East Anglia ta kafa makarantar kimiyyar muhalli a 1967. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya na Stockholm a 1972 ya haifar da hukumar muhalli ta majalisar mai mazauni a Nairobi, taron Rio na 1992 kuma ya share fagen yarjejeniyar yaƙi da kwararowar hamada ta 1994.

A Najeriya wata masifa ce ta farkar da hukuma. A 1988 aka gano an jibge ganguna masu ɗauke da sharar guba daga Italiya a garin Koko da ke Jihar Delta ta yanzu. Kafin shekarar ta ƙare, gwamnatin soja ta yi dokar haramta shigo da irin wannan shara, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. Dokar tantance tasirin manyan ayyuka a kan muhalli ta biyo baya a 1992, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya a 1999, sai hukumar tilasta bin ƙa'idojin muhalli, NESREA, a 2007. Kowace doka ta zo da buƙatar ma'aikata, jami'o'i kuma suka bi sawu da buɗe sassa.

Kada a ɗauka tunanin tsara amfani da ƙasa baƙo ne a wannan yanki. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ta'alimur Radi kan hanyoyin mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, kuma kalmomin hurumi da burtali da mashaya sun girmi kowace ma'aikata. Abin da jami'a ta ƙara shi ne awo da taswira da gwajin ɗakin bincike.

Abin da Zamfara da Bakolori suka koyar

Misalin da ya fi bayyana dalilin haɗa ilimomi ya faru ne a kusa. A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke bibiyar cutar sanƙarau a Zamfara suka lura yara ƙanana na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, bayan sun yi ta jijjiga. Maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi aiki ba, na sanƙarau ma haka. Da aka gwada jini sai aka ga gubar dalma ce. Aƙalla yara 400 suka rasu. Bukkuyum maƙwabciyar Gummi ce, Gummi kuma maƙwabciyar Kebbe.

Kowane masani yana riƙe da yanki ɗaya ne na labarin. Masanin duwatsu ya san cewa dutsen zinaren wurin yana ɗauke da dalma mai yawa. Masanin tattalin arziki ya san farashin zinare ya tashi a duniya har ya sa manoma suka bar gona suka shiga rami. Wanda ya san zaman gidan Bahaushe shi ne zai bayyana dalilin da ya sa ake kai dutsen cikin gida: mata ne ke daka shi da shanya shi a tsakar gida, ana kuma niƙa shi da injin niƙan hatsi, ƙurar ta sauka a ƙasar da yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Likita yana da maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma in aka sallami yaro ya koma gidan da ƙasarsa ke da guba, aikin ya koma baya. Dole sai an kankare saman ƙasar gidajen an zuba sabuwa, wanda aikin injiniyoyin muhalli ne. Su kuma ba za su shiga gidan da ake kulle ba sai da yardar hakimi da liman da maigida, ba kuma za su iya magana da matan ciki ba sai da mata a cikin ayarinsu.

Sannan sai siyasa. An tsabtace ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Abare a 2010 da 2011, amma Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jiran kuɗin gwamnatin tarayya har 2013. Matsin lambar ƙungiyoyi ne ya sa aka sake su, ciki har da gangamin da matasan Follow the Money suka yi a intanet ƙarƙashin jagorancin Hamzat Lawal. A 2015 irin wannan guba ta sake kashe yara a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Mutumin da ake nema a irin wannan hali shi ne wanda zai fahimci rahoton ɗakin gwaji, ya karanta kasafin kuɗi, ya kuma zauna a zauren hakimi ya yi bayani da Hausar da za a gane. Irinsa digirin ke ƙoƙarin samarwa.

Misali na biyu ya girmi wannan. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a 1978, lokacin wurin yana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. A lissafin injiniya aikin ya yi kyau. Amma manoman da aka tasa daga gonakinsu sun yi ta kukan diyya, kuma a watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta; har yau adadin da gwamnati ta bayar da wanda mutanen wurin ke faɗa sun yi nisa da juna. Akwai kuma asarar da ba ta yi ƙara ba. Binciken masanin labarin ƙasa William Adams ya nuna cewa a ƙasan madatsar ambaliyar shekara-shekara da ke shayar da fadama ta ragu, manoma suka bar shinkafa suka koma gero da dawa, kamun kifi kuma ya ja baya. Ba a sa waɗannan mutane a lissafin riba da asara ba tun farko, domin ba wanda aka ɗauka aiki don ya tambaye su. Duk wanda ke noman fadama a bakin Gulbin Zamfara ko na Ka yana da dalilin sanin wannan tarihi kafin wani ya zo masa da zancen sabuwar madatsa.

Me ake koya?

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ke gindaya mafi ƙarancin abin da za a koyar. A Disambar 2022 ta ƙaddamar da sabuwar manhaja da ake kira CCMAS, wadda ta tanadi kashi 70 cikin 100 na darussa daga hukumar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Wannan kashi 30 yana da muhimmanci ga ɗan Sakkwato, domin a cikinsa ne za a sa darussan fadama da kiwo da ƙasar da ba ta samun ruwa sosai, maimakon a cika shi da malalar ɗanyen mai da zaizayar gaɓar teku. Tambaya ce da ta dace ƙungiyoyin ɗalibai su yi wa shugabannin sassansu: da me aka cike namu?

Shekarar farko kusan duka tushe ne: lissafi, kimiyyar halittu, sinadarai, labarin ƙasa da darussan bai-ɗaya. A ta biyu ake shiga nazarin dangantakar halittu da mazauninsu, kimiyyar ƙasar noma, yanayi, tafiyar ruwa a sama da ƙarƙashin ƙasa, da ƙididdiga. Daga shekara ta uku ake koyon kayan aiki na zahiri, wato haɗa taswira a kwamfuta, karanta hotunan tauraron ɗan'adam, tantance tasirin ayyuka, dokokin muhalli, sarrafa shara da tattalin arzikin albarkatu. A nan ne kuma ɗalibi ke fita horon sanin makamar aiki na SIWES na wasu watanni a wata ma'aikata ko kamfani. Shekarar ƙarshe tana ƙarewa da kundin bincike.

Darasin taswira da hoton tauraro ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi saurin zama makami a hannun matashi. Hotunan Landsat na Amurka sun faro tun 1972, kuma kyauta ake sauke su; haka na Sentinel na Turai. Manhajar QGIS ma kyauta ce. Ɗalibin da ya iya su zai ɗora hoton dajin garinsu na shekara 30 da suka wuce a kan na bana, ya auna abin da ya tafi da hekta. Zai iya nuna inda burtali ya bi da inda gona ta cinye shi. A rikicin manomi da makiyayi, inda kowane ɓangare ke rantsuwa cewa kakansa ya riga zuwa, irin wannan shaida ba ƙaramin abu ba ce, ko da yake hoto ba ya faɗin wanda ya sayar da filin. Wannan sai an sauka ƙasa an yi tambaya, shi ya sa ake koyar da dabarun hira da jama'a tare da na kwamfuta.

Akwai tarkon suna da ke kama masu neman gurbi. A jami'o'in Najeriya, tsangayar da ake kira ta kimiyyar muhalli takan ƙunshi sassan gini, awon filaye, ƙiyasin kuɗin gini, kula da gidaje da tsara birane. Duka fannoni ne masu daraja, amma muhallin da suke nufi shi ne wanda mutum ya gina. Mai son nazarin ƙasa da ruwa da daji sai ya nemi sashen kula da muhalli, ko na labarin ƙasa, ko na gandun daji. Kiwon lafiyar muhalli kuma, wato aikin duba-gari a sabon salonsa, hanya ce daban mai majalisarta da ke yi wa ma'aikata rajista.

Inda ake yin sa

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, tana da sashen labarin ƙasa, da na gandun daji da muhalli a tsangayar aikin gona, da na kula da muhalli da albarkatu. A cikinta kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato take, wadda ta daɗe tana aiki kan hasken rana da murhu mai tattalin itace. Jami'ar ta ɗanɗana darasin da jikinta a Satumbar 2010, lokacin da ambaliyar Gulbin Rima ta yanke hanyar shiga mazauninta na dindindin, karatu ya tsaya.

Wadda ta fi kusa da Tambuwal ita ce jami'ar kimiyya da fasaha ta Jihar Kebbi da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006 kuma yanzu take ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. Akwai Jami'ar Jihar Sakkwato, da jami'o'in tarayya na Birnin Kebbi da Gusau waɗanda aka kafa a 2013. Mai iya yin nisa zai sami sashen kula da muhalli a Jami'ar Bayero ta Kano, wadda kuma ke da Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai sashen labarin ƙasa da kula da muhalli, da na injiniyan albarkatun ruwa da muhalli. Jerin kwasa-kwasai yana sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka kundin JAMB na shekarar da ake ciki shi ne abin dogaro, tare da tabbatar da cewa NUC ta amince da kwas ɗin.

Sharaɗin shiga shi ne kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi. Darussan da ake haɗawa da Turanci a jarrabawar JAMB sun bambanta tsakanin jami'o'i: wasu na neman sinadarai da kimiyyar halittu, wasu na karɓar labarin ƙasa da tattalin arziki. Mai difloma ko NCE ko IJMB yana iya shiga aji biyu kai tsaye. A nan ne matsalar karkara take, domin ɗalibin da makarantarsa ba ta da malamin sinadarai ko na labarin ƙasa an riga an rufe masa ƙofa tun yana aji huɗu na sakandare. Game da kuɗi, asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya fara aiki a 2024 ga masu karatu a makarantun gwamnati.

Tambuwal tana da Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya, kuma abin da ya faru a Zamfara ya nuna inda ake buƙatar irin ɗalibanta. Hayaƙin murhu da ɗiban ruwa da neman itace duk a kan mata da yara suke sauka. A Mayun 2023 yara 15 suka nutse a Ƙaramar Hukumar Shagari, maƙwabciyar Tambuwal, a cikin kwale-kwalen da ya ɗauke su zuwa yin itace a tsallaken gulbi. An ba da labarin a matsayin hatsarin jirgin ruwa, alhali kuwa labarin makamashi ne da na dajin da ya yi nisa da gida.

Doka da kuɗi

Sashe na 20 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare muhalli, amma yana cikin babi na biyu, wanda bisa al'ada kotuna ba sa tilasta aiwatar da shi kai tsaye. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, ma'adinan da ke ƙarƙashinsu kuma na tarayya ne. Kwashe shara da kula da kasuwanni da mahauta na ƙaramar hukuma ne. Dokar wuraren kiwo ta tsohuwar Jihar Arewa ta 1965 tana nan a takarda. Rami ɗaya na haƙar zinare a gefen burtali zai iya shafar matakan gwamnati uku, kowanne ya ce ba huruminsa ba ne. Sanin wanda ke da alhakin me yana cikin abin da digirin ke koyarwa, kuma shi ne rabin aikin mai fafutuka.

Kuɗi kuwa suna shigowa da sunan muhalli fiye da yadda ake zato. Asusun kula da muhalli ya wanzu tun 1981, kuma jihohi da ƙananan hukumomi na samun kasonsu daga asusun tarayya. Tarihinsa ba shi da daɗin ji: a 2018 kotu ta ɗaure tsohon gwamnan Filato Joshua Dariye kan karkatar da sama da naira biliyan ɗaya na wannan asusu, a 2022 aka yi masa afuwa. Sakkwato na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015. Tana kuma cikin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, wanda lamuni ne da za a biya. A wannan shekarar aka sa hannu kan Dokar Sauyin Yanayi. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye ya ƙara kusanto da tambayar zuwa sakatariyar Tambuwal da ta Kebbe.

Akwai wata dama da ba a cika amfani da ita ba. Ƙa'idar tantance tasirin ayyuka ta tanadi a baje rahoton babban aiki a bainar jama'a na kwanakin aiki 21 domin kowa ya yi tsokaci. Rahotannin kan kai ɗaruruwan shafuka cikin Turancin ƙwararru, wa'adin ya wuce ba wanda ya buɗe su. Gari mai mutum biyu da za su iya karanta irin wannan rahoto su fassara shi ga jama'a ba ɗaya yake da garin da ba shi da ko ɗaya ba.

Dashe da reno

Fannin yana kuma koyar da shakkar maganar da kowa ya yarda da ita. An daɗe ana cewa hamada na tahowa kudu kamar rundunar yaƙi, talaka ne ke jawo ta, maganinta kuma dashen itatuwa. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana bin manoman ƙasar Kano da Yobe ta yanzu ta cikin farin shekarun 1970 da 1980, ya nuna cewa a inda mutane suka yi yawa kuma suke da tabbacin gonarsu tasu ce, sukan tsare itatuwa su kuma ciyar da ƙasa da taki. A yankin Maraɗi, tun daga 1983, Tony Rinaudo da manoman wurin suka yaɗa dabarar renon tohon da ke fitowa daga kututturen da ke cikin gona, maimakon sare shi a lokacin sharar gona. Ƙiyasin da aka fi ambatawa shi ne itatuwa kimanin miliyan 200 a hekta miliyan 5 na kudancin Nijar. Wani babban dalilin nasarar shi ne manomi ya daina tsoron malamin daji, ya tabbata gawon da ya rena nasa ne.

Bikin dashen itatuwa da ake yi kowace damina, da manyan baƙi da masu ɗaukar hoto, ba kasafai ake komawa a ƙirga abin da ya rayu bayan rani biyu ba. Ƙirgar nan aikin ɗalibi ɗaya ce mai babur da littafin rubutu.

Aiki bayan kammalawa

Guraben da aka sani su ne ma'aikatun muhalli na jiha da tarayya, NESREA, hukumomin agajin gaggawa, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, ofisoshin shirye-shiryen Bankin Duniya, kamfanonin da ke rubuta rahoton tantance tasiri, manyan masana'antu irin na siminti a Kalambaina, ƙungiyoyin agaji, koyarwa da aikin jarida. Ba su da yawa in aka kwatanta da masu nema, kuma samun na gwamnati ya fi dogara da wanda mutum ya sani.

Babban sukar da ake yi wa digirin tana da ƙamshin gaskiya: mai shi yakan fito ya taɓa komai bai ƙware a komai ba, taura biyu kuwa ba ta taunuwa, balle shida. Ba shi da hatimin injiniya, ba shi da lasisin likita. Inda ɗakin gwaji ba shi da sinadarai, aka kuma yi darasin taswira a kan allo ba tare da kwamfuta ba, abin da ya rage shi ne hadda. Yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ya nuna cewa shekara huɗu na iya zama biyar. Waɗanda suka fi cin moriyar digirin su ne waɗanda suka riƙe sana'a ɗaya a cikinsa tun daga aji biyu, ko taswira ko gwajin ruwa ko ƙididdiga ko dokar ƙasa, sauran ilimomin suka zame musu abin fahimtar abokan aiki.

Rashin tsaro ya ƙara wani nauyi. Hare-haren 'yan bindiga sun kai ƙauyukan Kebbe a shekarun nan, kuma dajin da ya fi buƙatar a auna shi shi ne wanda ba a iya shiga. Wannan na tura ɗalibai su zaɓi batun bincike a cikin birni, ko su sayi tsohon kundi su sauya masa suna. Amma ɗan yankin yana da abin da baƙon mai bincike ba shi da shi: ya san dattijon da zai faɗa masa shekarar da tafkin garin ya daina kai rani, ya san masu rijiyoyin fadama da ke cewa bana sai da suka ƙara bututu kafin su sami ruwa, ya san ranar kasuwa da hanyar da buhunan gawayi ke bi. Zurfin ruwa a rijiyoyin Sanyinna daga Nuwamba zuwa Mayu, ko yawan ɗorawa da kaɗanya a gonakin Kuchi da shekarunsu, ko irin maganin feshin da masu albasa ke amfani da shi da inda suke wanke tankinsa, kowanne ya isa kundin digiri, kuma kowanne ana iya fara shi da igiyar awo da wayar hannu.